Yadda Na Daidaita Ƙasar Faifai

Na rantse da Wanda ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa babu tabarma, ba za ka yarda da abin da zan gaya maka ba. Ban kuwa ga laifinka ba, don ni kaina da wani ne ya zo mini da shi, tun bai kai rabi ba zan ce ya tashi ya ba ni wuri. Amma tunda ka zauna, gyara zama. A gajiye nake, kada ka sa ni maimaici.

Ni ne Korau na Tabawa, ƙaiƙayi a rigar mai girma, wanda bulala ta gaji da bayansa. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, ranar da na barbaɗa wa hedimasta ƙaiƙayi a kujera ya yi rawar da ko a gidan biki ba a taɓa gani ba. Aka kora ni gona wurin babana. Ni da gona kuwa kamar akuya da ruwan sama muke. Shekarar farko fari ya cinye geronmu, ta biye ambaliya ta kwashe dawar. Na ce, "Baba, wannan ba sana'a ba ce, caca ce da sama." Na saɓa rigata na fita neman ƙasar da ake ci ba a sunkuya ba.

A bayan gari guguwa ta taso. Kowa ya watse yana addu'a, ni kuwa na riƙe ƙugu na ce mata, "In kin isa ki ɗauke ni." Ashe ta isa.

Ta yi ta juyi da ni har na manta sunan uwata, sannan ta tofar da ni a Ƙasar Ƙanƙara. Can ƙanƙarar da ke zubowa kowace ta kai dutsen niƙa. Manomi ba ya fita sai da turmi kife a kansa, gonakinsu kuwa duk an yi musu rumfar zana mai ninki. Rani gaba ɗaya a saƙar zana suke ƙarar da shi. Suka ba ni turmi, suka ba ni gamba, suka ce bismilla. Da yatsuna suka fara tsagewa sai na kama ɓera na saka a turmin mai unguwa. Ya kife shi a ka, ya yi ihun da ya tashi gari. Suka biyo ni da taɓare, na faɗa cikin turmina na dunƙule, na gangaro daga tudunsu kamar ƙwallon goruba.

Inda turmin ya tsaya Ƙasar Iska ce. Can kowane karan dawa da turkensa da igiyarsa, kamar ɗan akuya, in ba haka ba da safe sai ka tarar da gonarka a garin maƙwabta. Suka miƙo mini igiya wai in kama ɗauri. Na dubi gonar, ba ta da iyaka. Na dubi gefe, ga wata shamuwa mai girman raƙumi tana kiwo. Na ɗaure ƙuguna a ƙafarta, na tsikare ta da ƙaya. Ina jin masu gona daga ƙasa suna cewa, "Igiyarmu! Ɓarawo, igiyarmu!"

Shamuwa ta keta gajimare da ni har igiyar ta tsinke. Na faɗo cikin tarin harawa a bayan wani gida. Wata tsohuwa ta leƙo da muciya a hannu.

"Kai ɗan nan, daga ina aka jeho ka?"

"Daga sama, Iya."

"To bana ma sama ba ta aiko da abin kirki ba. Tashi, kada ka yi mana nauyi a nan. Mu je a auna ka."

Sunanta Iya Marka. Ta tasa ni gaba har wurin Sarkin Noma Anaruwa, wani dogon dattijo mai idon wanda ya daɗe bai ƙoshi da barci ba. Aka ɗora ni a bakin wani katako, aka yi ta tara duwatsu a ɗaya bakin har muka yi daidai. Sai aka kira wani ƙato mai suna Jatau aka ce ya kai duwatsun Yamma.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sayar da ni za a yi?"

Ya ce, "Wa zai saya? Saurara, baƙo, don sau ɗaya nake faɗa. Wannan ita ce Ƙasar Faifai. A kan tsinin dutse guda take zaune, kamar faifai a kan taɓarya. Ga tafki a tsakiya, ga Gabas, ga Yamma. In ƙasa ta daidaita, ruwa ya bi magudanai ya shayar da kowa. In ta karkata, gefe ɗaya ya nutse, ɗayan ya ƙone. Ruwan samanmu kuma ba shi da alkawari, wata shekara ya zubo na wata uku a wuni ɗaya, wata shekara ya manta da mu. Shi ya sa in an haifi jariri a Gabas sai an kai tsakuwa Yamma. Ka faɗo a Gabas, an kai nauyinka Yamma. Yanzu ka zama namu. Iya Marka za ta ciyar da kai, kai kuma ka yi mata ɗauki."

Ɗauki! Da na san ma'anar kalmar nan da na nemi wata shamuwar.

Mutanen nan ba su san wani abu wai shi hutun rani ba. Da an gama girbi sai a shiga yasar tafki don ya riƙe ruwa in ya zo da hauka. A jera duwatsu a gicciyen gonaki don su tare gudunsa. A haƙa 'yan ramuka a fako a zuba taki, don ko yayyafi aka yi ya sami wurin kwana. A ɗaga gindin rumbuna, a dasa gawo a bakin iyaka. Duk wannan wasa ne a kan ɗauki. Kowane gida na Gabas yana da ɗan'uwan rumbu a Yamma. In Allah ya ba ka, sai ka kai rabin amfaninka can, a ka, da ƙafa. In gefenku ya lalace ka ci a can, ƙasa kuma ta zauna daidai. A shekarar nan Gabas ce ta yi albarka, Yamma ta sha kashi, don haka dammunan duk hanya ɗaya suke bi, a kan wuyanmu.

Yadda suke sanin an daidaita shi ne abin dariyar. A bakin tafki akwai wani falalen dutse, a kansa wata tsohuwar ƙwarya cike da ruwa, an yi mata zane a ciki da wuta. Safe da yamma Sarkin Noma zai zo ya durƙusa ya duba. In ruwa ya kwanta a kan zanen ko'ina, an gama ɗauki. In ya haura ta Gabas, a koma a ɗauko. Ba mai gadinta, ko kare. Na tambayi Jatau dalili.

Ya ce, "Gadi kuma? Wa zai yi wa kansa ƙarya?"

Na ce a raina, ba ka yi aji huɗu ba.

Muka yi ta jigila har gashin tsakiyar kaina ya ƙare. Mutane suna tafe suna gyangyaɗi da dami a ka. Mata sun daina waƙar daka, makaɗa sun rataye gangunansu. Kullum Sarkin Noma zai duƙa a kan ƙwarya, ya ɗago ya ce, "Da saura." Kullum sai ka ji jama'a sun sauke numfashi gaba ɗaya kamar shanun huɗa.

Wata rana a hanya na ce wa Jatau, "Kai, tun yaushe kake wannan wahala?"

"Tun ina ɗaukar zangarniya ɗaya."

"Ba ka gaji ba?"

"Kakana ma a gajiye ya mutu. Ɗaga ƙafa, Ɗan Sama, dami biyu nake ɗauke da su kana bayana da rabin ɗaya."

"Ni da kai nake aiki, ba da wuya ba."

"To ai a kan ne aka ɗora maka."

Maganar nan ta yi mini ciwo. Ran nan da rana ta take, kowa ya ɓuya a inuwa, na sulale bakin tafki. Na yanki ɗan ɓalli daga dunduniyar takalmina na taya, na ɗaga ƙwaryar a hankali, na cusa shi ta ƙarƙashin gefen Gabas. Na yi ta gyarawa har ruwa ya kwanta a kan zane lumui. In ka ga aikin sai ka ce injiniya ne ya yi.

Da la'asar Sarkin Noma ya zo ya durƙusa. Ya duba, ya goge ido, ya sake dubawa. Ya zagaya ta ɗaya gefen.

"Jama'a," in ji shi, "ta daidaita."

Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, rumbunan Gabas fa har yanzu maƙil suke."

"Ni ma na gani. Wataƙila hatsin bana bai yi nauyi ba. Ƙwarya dai ba ta ƙarya."

Ba wanda ya ja. Wa zai ja? Mutane suka zubar da gammo a inda suke tsaye. Wasu a nan bakin hanya suka miƙe suka yi barci har gari ya waye. Na bi su ina kallo, na ce Korau, ka yi jihadi. Abin da kakanninsu suka kasa, ka yi shi da dunduniyar takalmi.

Saura abu ɗaya, musayar iri. Iya Marka ita ke riƙe da wani gero da suke kira Ɗan-hanzari, wanda ke nuna tun damina ba ta yi nisa ba, ko ruwa ya ɗauke ya riga ya kai. Daga kakarta ta gaje shi, duk shekarar fari shi ke fid da ƙasar kunya. 'Yar'uwar rumbunta ta Yamma, Gwaggo Lantana, ita kuma tana riƙe da irin shinkafar da ke miƙa wuya in ruwa ya hau. Kowace shekara sukan yi musayar rabi da rabi. Iya ta cika kwando, ta rufe da faifai, ta ɗora mini.

"Ɗan nan, wannan ba na ci ba ne. Ka kai wa Lantana hannu da hannu, ka karɓo shinkafar."

"Iya, kamar kin kai da kanki."

Na fita ta ƙofar gida, na dubi hanyar Yamma tana rawa cikin zafin rana. Wuyana ya ce bai yarda ba. Na zagaya ta baya, na hau rumbunta, na tura kwandon can ƙarƙashin dammuna, da niyyar in kai in an sami ranar da ba rana. Na wuni a gindin tsamiya. Da yamma na shafa ƙura a ƙafa na shigo ina ɗingishi.

"Ka kai?"

"Na kai. Tana gaishe ki. Ta ce shinkafar ba ta gama bushewa ba, za ta aiko."

Ta sa mini albarka, ta ƙara mini nama a miya.

Miyar nan ce ma ta so ta tona ni. Iya ta lura kullum tana taruwa a gefe ɗaya na akushi. Ƙwan kajinta in ta ajiye sai ya gangara Gabas. Na ce akushin ne ya tsufa, kajin kuma alƙibla suke nema. Ta je ta gaya wa Sarkin Noma, ya sake duba ƙwarya, ya ce, "Marka, gajiya ce. Ni ma jiri nake gani."

Sai damina ta faɗi. Ba ta yi sallama ba. Hadari ya haɗo da hantsi, gari ya yi baƙi, aka kece da ruwa kamar an fasa randa. Tafki ya cika kafin azahar. Maimakon ya rabu biyu, sai duk ya kwararo Gabas. Ruwan ya ƙara wa Gabas nauyi, ƙasa ta ƙara karkata, ƙarin ruwa ya biyo. Na ji ƙasa tana ƙara a ƙarƙashina kamar tsohuwar ƙofa. Turame suka fara gangarawa. Jakuna suna tafiya a zaune. Duwatsun da aka jera a gonaki suka riƙe na ɗan lokaci, sannan suka sallama. Rumbunan da ke bakin iyaka suka tashi daga gindinsu ɗaya bayan ɗaya, suna lilo a kan ruwa, suna faɗawa can ƙasa inda ba a jin ƙarar faɗuwa.

Mutane suka rikice, kowa yana rungumar rumbunsa. A nan ne fa za ka san aji huɗu ba wasa ba ne. Na hau kan katanga na kware murya.

"Ku saki rumbu! Ku ne nauyin! Kowa ya yi Yamma, da jaki da akuya da dutsen niƙa!"

Jatau ya fara ganewa. Ya saɓi Iya Marka a kafaɗa, ya ɗauki dutsen niƙa a hammata, ya kama hawa. Jama'a suka bi shi, muna rarrafe a taɓo kamar masu hawan tsauni. Iya tana waige har ta ga rumbunta ya juya sau ɗaya ya wuce bakin iyaka.

Ta ce, "Tafi abinka. Alhamdu lillahi, rabin Ɗan-hanzari yana wurin Lantana."

Na ji kamar taɓon ya haɗiye ni. Bai haɗiye ni ba, don ko taɓo ya san wanda zai iya narkarwa.

Da muka tattaru a Yamma, ƙasa ta yi wani dogon nishi ta dawo. Ruwan da ya rage ya koma tafki. Amma mafi yawansa ya riga ya zube ta bakin Gabas, Yamma kuwa ko jiƙa ba ta yi ba, ruwan ya zame daga kanta kamar daga bayan agwagwa. Sama ta washe tas, irin washewar da tsofaffinsu suka ce ba a sake ganin hadari sai an jima.

Duk da haka aka ɗaga ni sama. "Ɗan Sama ya ceci ƙasa!" Wani maroƙi ya fara yi mini kirari, ni kuma ina gyara masa inda ya rage. Sarkin Noma yana gefe zaune a ƙasa, ya cire hularsa ya ajiye a gabansa. Ya ce idonsa ne ya ci amanar jama'a, a nemi wani a ba shi sarautar.

Ana cikin haka wata gajeriyar tsohuwa ta ratso taro ta rungume Iya Marka.

"Marka, kin tsira! Ni dai na ce lafiya, bana shiru ba ki aiko da Ɗan-hanzari ba? Ga shinkafarki tun kaka tana jira. Yanzu ga fari ya kama mu, shi kaɗai za mu shuka mu tsira."

Masu ɗauke da ni suka sauke ni a hankali.

Iya Marka ba ta yi ihu ba. Ta dube ni kawai, ta ce, "Ɗan nan, ina ka kai?"

Na buɗe baki, kuma ka san bakina bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ran nan gaskiya kaɗai ya samu.

"Yana cikin rumbun, Iya."

Ta zauna a ƙasa. Ta kwance ɗankwalinta ta matse ruwan, ta sake ɗaurawa. Ta ce, "Har nama na ƙara maka."

Jatau ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ya nufi bakin tafki, jama'a na biye. Tafki ya kwanta daidai a ko'ina, kowa na gani, amma ruwan ƙwarya ya haura ta Yamma. Ya ɗaga ta. Ya ɗauko ɗan baƙin ɓallin ya shinshina. A duk ƙasar ba mai takalmin taya sai mutum ɗaya. Ya kama ƙafata ya ɗaga kamar mai duba kofaton jaki, ya manna ɓallin a gurbinsa. Ya zauna daram.

Na ce, "Jama'a, ku tsaya. Wa ya ba ku hutu? Wa a cikinku bai yi barci ya gode Allah ba?"

Wani ya ce a jefa ni inda rumbunan suka tafi. Da yawa suka ce haka ne. Sarkin Noma ya ɗauki hularsa ya kaɗe ya sa.

"Ba za a jefa shi ba. An riga an kai nauyinsa Yamma, in ya tafi sai mun sake kwaso duwatsun, ni kuwa na gaji." Ya juya wurin tsofaffin. "Lantana, ba ko tsaba?"

Gwaggo Lantana ta ce akwai 'yan zangarniyoyi na bara da ta soke a jinkar ɗaki, in ɓera ya bar su. Ba za su shuka ƙasa ba, sai dai fili kamar shimfiɗar tabarma, a sami iri na baɗi. Bana kam sai a ci abin da aka riga aka kai Yamma, a ɗaure ciki.

"To," in ji Sarkin Noma. "Saura Gabas. Rumbuna sun tafi, ta yi sauƙi. In jama'a suka koma gidajensu ma ba za ta cike ba, ruwa na gaba Yamma zai nutsar. Sai an mayar da nauyin kowane rumbu da dutse, kafin Allah ya ba mu abin zubawa. Baƙo, kai ka ce ka gaji da tafiya?"

"Ranka ya daɗe, ƙwarai."

"To ka huta. Za ka zauna a gurbin rumbun Marka, a bakin iyaka, kai ne rumbunta har a girbe Ɗan-hanzari a cika wani. Ba tashi, ba kishingiɗa."

Na yi lissafi da sauri. Zama dai? Abin da na bar gidan ubana ina nema ke nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, na karɓi hukunci, Allah ya ƙara adalci."

Aka raka ni har gurbin, taɓo har idon sawu, iska na busowa daga ramin da ba shi da ƙarshe. Na naɗe ƙafa na zauna, har ina yi wa Jatau murmushi. Iya Marka ta matso. Ta kwance tsohon zanen da ke kafaɗarta, ta naɗa gammo mai kauri, ta ɗora mini a ka, ta gyara shi sosai yadda ba zai zame ba.

Na ce, "Iya, wannan fa na mene ne?"

Ta ce, "Rumbuna cike yake, ɗan nan. Kai kuwa fanko ne." Ta ja da baya. "Jatau, kawo kwandon duwatsu na farko."